Taron bita ta intanet: ta yaya zan shirya mutanena kafin ranar?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawararku, abin ya tsaya min a rai tun jiya. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke sayar da sola a kan biya kaɗan-kaɗan. Mutum zai ba da kafin alƙalami a kafa masa, sannan duk sati ko wata ya tura kuɗi, a aiko masa da lambobi ta saƙon waya ya danna, fitila ta ci gaba da aiki. Ni ke kula da ɓangaren karɓar koke. A 'yan watannin nan kuka ya yi yawa. Mutum zai biya da magariba, lambar ba za ta zo ba sai bayan isha'i, wani lokacin sai washegari, gida ya kwana cikin duhu. Wasu har sun daina biya. Ogammu ya ce a yi taron bita na yini biyu, mu sake tsara hanyar da kwastoma ke bi tun daga ranar da ya fara jin labarinmu har ranar da ya gama biya, kuma ni aka ɗora wa shirya taron.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu goma sha ɗaya ne, kuma ba mu taɓa zama duka a ɗaki ɗaya ba. Ni da 'yan mata biyu masu amsa waya muna Kano. Ejan ɗinmu uku suna Katsina da Dutse da Gusau. Oga da akanta suna Abuja. Mai zayyana manhajarmu tana Legas, kuma ba ta jin Hausa. Masu rubuta manhaja biyu ne, ɗaya a Kaduna, ɗaya yana karatu a Malesiya. Dole ta intanet za a yi. Saura sati uku. Wanda ya taɓa shirya irin wannan, don Allah ta ina ake farawa?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni dai shawarata ki koma wajen ogan ki ce masa a tara mutane a Kano. Na yi shekaru ina harkar rarraba kaya, kuma ban taɓa ganin an warware matsalar kwastoma ta waya ba. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Amma kuma ido shi ke sa mutum ya faɗi gaskiya. A kama ɗaki a otal, a ci abinci tare, a yi salla tare, magana za ta fito.

Ummu Hanifa: Na gode Baba. Wallahi shi na fara nema. Aka ce babu kuɗin mota da masauki na mutum takwas, kuma ejan ɗin Gusau ya ce iyayensa ba sa son yana yawan bin hanya. Na Malesiya kuwa ba a ma magana.

'Yar Jos: Anti, wannan aikina ne, bari in ɗan ja magana. Abu na farko, ki cire yini biyu daga ranki. Babu wanda zai iya zama gaban waya daga safe zuwa yamma yana tunani mai kyau, balle mutumin da cajinsa ke ƙarewa. Ki yanka taron gida huɗu, kowane zama awa biyu, a bazu cikin sati ɗaya ko kwana goma. Tazarar da ke tsakanin zaman ma tana da amfani, domin ejan zai iya komawa wajen kwastoma ya tambayo abin da aka yi gardama a kai jiya, ya dawo da amsa. Wanda aka kulle a otal ba shi da wannan damar.

Abu na biyu shi ne wanda mutane suka fi yi wa sakaci. Mafi yawan aikin taron nan kafin ranar ake yinsa. Idan kuka shiga zaman farko kowa da abin da yake zato a kansa, za ku ƙare da musu: mai manhaja zai ce laifin banki ne, akanta zai ce kwastomomi ba sa rubuta lambar asusu daidai, ejan zai yi shiru. Saboda haka daga yau ki ba kowa aikin gida. Masu amsa waya su riƙa rubuta kalaman masu kira yadda suka faɗe su, ba a taƙaice ba. Akwai bambanci tsakanin a rubuta "jinkirin lamba" da a rubuta "yarana suna da jarrabawa gobe, kun bar mu a duhu". Ejan kowanne ya ziyarci gida biyu ko uku da yamma, ya zauna ya ga yadda ake danna lambar da idonsa. Oga da akanta da masu manhaja kuwa, kowannensu ya gwada biyan kuɗi da kansa da ƙaramar waya mai madannai, da daddare, ya rubuta minti nawa ya jira. Wannan na ƙarshe kada ki yafe wa kowa.

Na uku, ki yi zaman gwaji na rabin awa kwana biyar kafin taron. Ba a tattauna komai a ciki. Kowa ya shiga, ya buɗe makirfo ya rufe, ya rubuta sunansa a allon da za a yi aiki a kai, ya matsar da shi gefe. A nan za ki gane wanda wayarsa ba ta ɗaukar manhajar.

Injiniya: Na yarda da 'Yar Jos. In ƙara da cewa ki buɗe Miro tun yanzu, wato allon intanet da mutane da yawa ke rubutu a kai lokaci guda. Na kyauta yana ba ki allo uku da za ki iya aiki a kansu, sun ishe ki. Akwai tsararrun taswirar tafiyar kwastoma a ciki, sai dai ki cike kawai. Ko FigJam, irin wannan allon na kamfanin Figma, tunda mai zayyanarku ta Legas da wuya a ce ba da manhajar zayyana ta Figma take aiki ba.

'Yar Jos: Injiniya, a nan muka rabu. Kai kana da kwamfuta da babban allo. Ejan ɗin Dutse da wayar Android zai shiga, wataƙila mai ƙaramin ƙwaƙwalwa. Ka taɓa gwada jan 'yar takarda a Miro da babban yatsa, alhali Zoom na buɗe a wayar guda? Mutum zai ɓata a cikin allon, ya ji kunyar cewa ya ɓata, shi ke nan an rasa shi har ƙarshen zaman. Kuma su ne mutanen da aka fi bukatar ji daga bakinsu.

Injiniya: To me za a yi amfani da shi? Allon Jamboard da ya fi sauƙi Google ta rufe shi tun ƙarshen 2024.

'Yar Jos: Google Slides. Shafi ɗaya ga kowane mataki na tafiyar: jin labari, kafawa, biya, jiran lamba, kiran ofis, gama biya. Ko ma a sauƙaƙa fiye da haka, mutum ɗaya mai kwamfuta ya zama magatakarda, sauran su turo abin da ke ransu ta WhatsApp, shi yana mannawa a allon kowa yana gani. Idan aka zo zane, kowa ya ɗauki takarda da biro ya zana, ya ɗauki hoto ya turo. Na ga zanen biro daga ejan ya fi na ƙwararru amfani sau da yawa, saboda shi ya san inda yatsan tsohuwa ke kuskure.

Injiniya: Magatakarda ɗaya zai zama cikas, komai sai ya bi ta hannunsa, kuma zai riƙa gyara maganar mutane ba tare da ya sani ba. Amma na ji batun waya. A raba: masu kwamfuta su yi aiki a allon kai tsaye, masu waya a haɗa kowannensu da abokin da zai manna masa, kuma a ce wa abokin kada ya canza ko kalma ɗaya.

'Yar Jos: Wannan na karɓa.

Ɗan Damagaram: Sannunku da muhawara. Ni daga nan Damagaram nake aiki da mutanen da ke Yamai da Kano da Accra, kusan shekara uku ke nan. Hajiya, kada ki manta da batun kuɗin data. Ki tura wa kowa kafin ranar, ba wai ya saya a biya shi daga baya ba. Ƙaramin ma'aikaci ba zai ce miki ba shi da kuɗin data ba, sai dai ki ga ya ɓace a tsakiyar zama ya ce sabis ne. Ku can Najeriya ma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, na san abin ya ƙara nauyi. Bidiyo ne ke cinye data, murya kaɗai ba ta cin wani abin kirki. Don haka a buɗe kyamara minti biyar na farko a gaisa, sannan kowa ya kashe.

Sannan ki tanadi hanya ta biyu tun kafin ta farko ta mutu. Kun tuna watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa suka shiga matsala? Ranar muna da zama. Tun daga lokacin, duk taron da zan shirya sai na rubuta a takardar gayyata: idan Zoom ya ƙi, mu koma kiran WhatsApp, yana ɗaukar har mutum 32, idan shi ma ya ƙi, wane zai kira wane a layi na yau da kullum ya sa shi a lasifika. Kowa ya san abokin da zai kira shi.

Af, kuma Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Google Meet na kyauta yana kaiwa awa ɗaya idan taron jama'a ne, amma raba mutane ƙananan ɗakuna sai da na kuɗi. Ki roƙi oga ya biya na wata ɗaya kawai.

Ummu Hanifa: Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. Batun kyamara ma ya zo min daidai. Ɗaya daga cikin 'yan matan tana goyo, kuma daga ɗakinta za ta shiga. Ta riga ta tambaye ni a ɓoye ko dole ne ta nuna fuska.

Ɗan Damagaram: Ba dole ba ne. Ki faɗa a rubuce ga kowa da kowa, kada ya zama kamar ita kaɗai aka yi wa rangwame.

Auta: Ina neman izini in sa baki, ko da yake ni ƙarami ne a nan. Shekara biyu na yi ina amsa waya a wani kamfani, kuma an taɓa sa mu a irin wannan taron. Duk abin da kuka faɗa na data da manhaja gaskiya ne, amma ba su ne suka hana ni magana ranar ba. Abin da ya hana ni shi ne manajanmu ne ya buɗe taron, ya yi kusan minti ashirin yana bayanin abin da yake ganin ita ce matsalar. Bayan ya gama sai aka ce, to kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ni na san abin da ya faɗa ba shi ba ne. Kullum ina amsa kira sama da abin da zan iya ƙirgawa, na san inda mutane ke kuka. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban kowa in ce ranka ya daɗe ba haka ba ne? Ba a yi min tarbiyyar haka ba, kuma aikina a hannunsa yake. Sai na ce na goyi bayan oga. Duk mu huɗu masu amsa waya haka muka ce. Aka tashi taro aka gyara abin da bai lalace ba.

Har yau abin yana damuna, saboda akwai wata dattijuwa da take kira kusan kullum a kan matsala guda, kuma ranar ce kaɗai damar da na samu in kai kukanta inda za a ji, ban kai ba.

Anti, idan 'yan matanki biyu da ejan uku suka yi shiru kamar yadda muka yi, taron ya tashi a banza ko da intanet bai yanke ko sau ɗaya ba. Kuma ta waya shiru ya fi sauƙi. A ɗaki za a ga fuskarka a ce wane kana da magana. A Zoom kana rufe makirfo ka ɓace.

Ummu Hanifa: Auta, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ogammu mutumin kirki ne, amma idan ya fara magana ba ya tsayawa, kuma ya riga ya yanke a ransa cewa sabuwar manhaja ce maganin komai. Ni kuma ina zargin yawancin kwastomominmu ba su ma da wayar da za ta ɗauki manhajar.

'Yar Jos: Auta ya faɗi abin da ya fi duk nawa muhimmanci. Maganinsa a tsari yake, ba a roƙon mutane su saki jiki ba. Duk tambayar da za a yi, a fara da rubutu cikin shiru, minti biyar zuwa bakwai, kowa shi kaɗai. Sai an tattara duka kafin a buɗe baki. Idan abu ne mai zafi, ki yi amfani da Google Forms ba tare da neman suna ba, ki tura kwana biyu kafin zaman, ki karanto amsoshin da bakinki. Idan aka zo magana, a fara daga wanda ya fi kusa da kwastoma, a ƙare da oga. Wajen zaɓe kuma kowa ya tura miki nasa a keɓe, kada wani ya jira ya ga inda oga ya sa hannu.

Baban Khalil: A nan zan ja da ku. Mutum ya kafa kamfani da guminsa, yana biyan albashi, sannan a ce masa ya yi shiru sai yara sun gama? Wannan tsarin Turawa ne. A wajenmu babba ne ke buɗe magana. Idan Hajiya ta yi masa haka a gaban ma'aikatansa zai ji an ci masa fuska, kuma ita za ta kwana a ciki.

Malam Na-Zariya: Alhaji, ina ganin akasin haka ne. Ka duba zaman fada ko zaman sulhu a unguwa. Mai unguwa yana buɗewa da addu'a da gaisuwa, ya ce a faɗi abin da ya tara mu, sannan ya yi shiru. Masu ƙara su yi magana, shaidu su yi, dattawa su yi, shi ne na ƙarshe, kuma maganarsa ce ke rufe zance. Wanda ke yanke hukunci ba ya fara bayyana ra'ayinsa. Yin magana a ƙarshe girma ne a wajenmu, ba ƙasƙanci ba. Su ma masu tsarin taron bita na kwana biyar da wani mai zayyana, Jake Knapp, ya fito da shi a Google sun ware mutum ɗaya da suke kira mai yanke hukunci, kowa ya kawo nasa, shi ya zaɓa. Abin da ya rage shi ne yadda Hajiya za ta gabatar masa da shi.

Baban Khalil: To idan haka ne, kada ta bari sai ranar. Ta kira shi shi kaɗai tun yanzu, ta ce ranka ya daɗe, kai za ka buɗe mana da addu'a, kai za ka rufe da hukunci, a tsakiya muna so ka saurara ka ji abin da yaranka ke gani. Idan ya amince a keɓe, shi da kansa zai sanar a gaban kowa, kuma yaran za su fi yarda idan daga bakinsa ya fito. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, zama a ɗaki ɗaya ya fi.

Auta: Baba, da manajanmu ya ce da bakinsa "yau ni saurare na zo yi", wallahi da na yi magana.

Maman Sadik: Ni tambayata ɗaya. Taro ne a kan kwastoma, amma ban ji an ce za a gayyaci kwastoma ba. Ni ina da irin wannan solar a gida. Maigidan ne ya yi rajista, lambar wayarsa ce a wajen kamfanin, saƙon lambobin wayarsa yake zuwa. Shi kuma yana kasuwa har dare, wani lokacin yana tafiya. Ni ce a gida da yara lokacin da fitila ke mutuwa. Sai na kira shi, ya duba saƙo, ya karanto min lambobi masu tsawo a waya cikin hayaniyar kasuwa, in danna a duhu, in yi kuskure, a sake. Idan kamfanin ya tambayi maigidan zai ce ba matsala, ai ana turowa. Ni ba a taɓa tambayata ba.

Ummu Hanifa: Subhanallah. Maman Sadik, a rajistarmu gurbin lambar waya ɗaya ne tak. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, alhali yawancin masu kiranmu da daddare mata ne.

Maman Sadik: To kin gani. Kuma ejan ɗinku duk maza ne ko? Ba za su shiga cikin gida ba, a zaure za a tsayar da su su yi magana da maigida. Ki sa 'yan matanki su kira matan gidan, da izinin mazajensu, mace da mace.

Injiniya: Mutum biyar sun isa. Jakob Nielsen, masanin gwajin manhaja, ya rubuta tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin.

Malam Na-Zariya: Injiniya, a yi hattara da wannan. Maganar Nielsen a kan gwada abu ne da aka riga aka ƙera, a ga inda masu amfani da shi ke tuntuɓe, kuma shi da kansa ya ce idan masu amfanin rukuni-rukuni ne, kowane rukuni sai an nemi nasa. A nan akwai maigida mai biya, akwai uwargida mai dannawa, akwai mai shago da ke caji da solar, akwai wanda ya daina biya gaba ɗaya. Na ƙarshen nan ya fi kowa abin faɗa, kuma shi ne ba zai taɓa kiran ofis ba. A nemi uku ko huɗu daga kowane rukuni.

Game da shigo da kwastoma cikin taron kai tsaye kuwa, ni ban goyi baya ba. Za a sa baiwar Allah a gaban baƙi goma sha ɗaya ana Turanci, za ta ce komai lafiya lau don kunya. Gara a yi hira da ita a keɓe, a naɗi muryarta, a kunna minti ɗaya ko biyu a farkon kowane zama. Amma sai an nemi izininta a fili, an gaya mata wa zai ji da abin da za a yi da shi, an cire sunanta da lambarta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana aiki a kan ƙananan kamfanoni ma, kuma ko babu doka, amana ce. Kada muryar matar aure ta riƙa yawo a zaurukan WhatsApp.

'Yar Jos: Haka ne Malam. Sai batun 'yar Legas. Anti, kada ki mayar da taron duka Turanci saboda mutum ɗaya. Ejan zai iya Turancin aiki, amma labarin da ke cikinsa da Hausa zai fito. Ki bar kowa ya yi magana da harshen da ya fi masa, ki haɗa ta da ɗan Kaduna ya riƙa rubuta mata fassara a gefe yayin da ake magana. Muryoyin kwastomomi kuma a fassara mata a rubuce tun kafin ranar, amma ta saurari muryar duk da haka. Ba sai ta ji Hausa ba kafin ta gane ɓacin rai.

Wani abu kuma, a ƙarƙashin kowane mataki na tafiyar ku ja layi. Sama da layin abin da kwastoma ke gani, ƙasa da shi abin da ke faruwa a bayan fage: kuɗi ya shiga ina, wa ke tabbatarwa, na'ura ce ke tura lambar ko mutum. Wata ma'aikaciyar banki a Amurka, Lynn Shostack, ta bayyana wannan salon tun 1984, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi tona asirin inda jinkiri ke ɓuya ba. Akanta da masu manhaja su cike ƙasan layin kafin taro.

Ɗan Damagaram: Lokaci fa? Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai. Idan kuka fara ƙarfe goma na safe, shi biyar na yamma ne a wajensa, ku tashi sha biyu kafin azahar, shi kuma bakwai, daf da magaribarsa. Ya yi daidai. Bayan la'asar ɗinku kuwa tsakar darensa ne. A bar Juma'a, kuma ki tambayi ejan ranar kasuwar garuruwansu, don ranar suke samun ciniki.

Ummu Hanifa: Na gode ƙwarai. Zan fara da kiran oga gobe in sha Allahu. Ku sa ni a addu'a.

Baban Khalil: Allah ya ba da sa'a. Ki fara da gaisuwa mai kyau, kada ki yi gaggawar shiga maganar.

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Oga ya amince, har ya ce shi zai sanar da kansa, kamar yadda Baba ya ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin gidan. Akanta ya gwada biya da ƙaramar waya ƙarfe takwas na dare, lambar ba ta zo masa ba sai da safe. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa duk kuɗin da ya shigo ta taransfa ba tare da lambar asusun kwastoma ba, shi da kansa ne ke tabbatar da shi da hannu, kuma yana tashi aiki ƙarfe biyar. Shekara guda yana yin haka bai taɓa haɗa shi da kukan da muke sha da daddare ba, mu kuma ba mu san ta hannunsa abin ke bi ba. Shi ya kira ni da kansa ya faɗa min, muryarsa duk ta yi sanyi.

'Yan matan sun yi hira da mata bakwai. Biyar daga cikinsu maganar Maman Sadik suka maimaita kusan kalma da kalma. Waɗanda suka daina biya ne muka fi shan wuya, mutum biyu kawai suka yarda suka yi magana da ejan ɗin Katsina.

Jiya muka yi zaman gwaji. Mutum tara sun shiga lafiya. Ɗan Malesiya ya makara saboda na rubuta lokaci ban ce na Najeriya ba, na gyara. Ejan ɗin Gusau ne abin ya gagara, sau huɗu yana shiga yana fita, ko muryarsa ba mu ji sosai ba, kuma shi ne yankinsa ya fi yawan waɗanda suka daina biya. Ya ce akwai wani shagon kwamfuta a cikin gari mai intanet mai ƙarfi, amma akwai hayaniya da mutane, kuma za a kunna muryoyin kwastomomi. Ɗayar hanyar ita ce ɗan Kaduna ya kira shi a layi ya riƙe shi a lasifika duk tsawon zaman, sai dai ba zai ga allon ba. Wanne kuke gani?

'Yar Jos: Layin waya. Ki tura masa hotunan shafukan shida ta WhatsApp da daddare lokacin da sabis ke da sauƙi, ya kwafe su a takarda, kowane shafi da lambarsa. Idan an ce muna shafi na huɗu, ya duba takardarsa.

Malam Na-Zariya: Ni ma layin. Kuma a fara da shi a zaman farko tun layin bai fara wasa ba.

Auta: Anti, idan kin kira sunansa ya yi magana, ki ɗan jira. Kada ki ji shiru na daƙiƙa biyar ki wuce zuwa na gaba. Wani lokacin mutum yana tattara ƙarfin hali ne.

Ummu Hanifa: Zan jira, Auta. Zaman farko Litinin ne ƙarfe goma. Maman Sadik, idan ba damuwa zan biyo ki ta akwati, ina so ki duba min tambayoyin da za mu ƙara yi wa matan kafin ranar.

Maman Sadik: Bismillah, turo. Bayan isha'i nake samun sarari.